Mindar Mazan Jiya: Yadda Ake Karanta Ta Da Yadda Ake Adana Ta

Duk ɗalibin da ya fito daga ƙasar Tofa, ko daga Lambu yake ko Doka ko Langel ko Yanoko, in ya tambayi manya da wuya a rasa nuna masa gida guda da ake kira gidan tsohon soja. Watakila mai gidan ya daɗe da rasuwa, amma sau da yawa akwai abin da ya bari a ƙasan adaka, a ƙulle cikin tsumma tare da tsofaffin takardun haraji: waɗansu ƙarafa uku ko huɗu, wani mai siffar tauraro, wani kewayayye kamar tsohuwar dala, kowanne rataye da ƙyalle mai launi-launi. Su ake kira minda, watau lambar yabo ta soja. Yara kan yi wasa da su har su ɓace, wani lokaci a kai wa maƙerin fari ya narka ya yi zobe, wani lokaci kuma dillalin kayan da ya zo ya saye da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

A ƙasashen Turai akwai mutanen da tara minda shi ne abin sha'awarsu, kamar yadda waɗansu ke tara kan sarki ko tsofaffin kuɗi, suna da ƙungiyoyi da littattafai da kasuwanni. Mu a nan ba mu saba da wannan ba, alhali kuwa kakanninmu ne suka sha wuyar da aka buga waɗannan ƙarafa dominta. Ga kuma lokaci yana ƙurewa. Yaron da ya shiga soja a 1944 yana ɗan shekara 18, an haife shi ke nan a 1926. Mai karatu ya yi lissafi da kansa ya ga ko mutum nawa suka rage da za a iya tambaya.

Sassan minda da ire-irenta

Kafin mutum ya karanta minda sai ya san inda zai duba. Akwai fuska, inda a mindar Ingila akan sa kan sarki ko sarauniyar da ke mulki. Akwai baya, inda akan yi zane ko a rubuta shekarun yaƙi. Akwai gefe, wanda mutane da yawa ba sa lura da shi, amma a nan ne akan buga lambar soja da muƙaminsa da sunansa da ƙananan haruffa. Sa'an nan ga ƙyallen da aka rataye ta da shi, wanda launinsa ba ado ba ne kawai, shi ne ke faɗin wace minda ce ko daga nesa. A kan ƙyallen waɗansu mindodi akan gicciya wani ɗan siririn ƙarfe mai ɗauke da sunan wuri ko shekara, shi ke nuna ainihin fagen da mutum ya halarta.

Kan sarkin kaɗai ya isa ya ba ka zamani. In ka ga mace mai lulluɓi, Sarauniya Biktoriya ce, wadda ta rasu a 1901. Mai gemu da sanƙo Edward na Bakwai ne, 1901 zuwa 1910. Mai gemu da gashi Joji na Biyar ne, 1910 zuwa 1936. Wanda ba shi da gemu kuwa ɗansa ne, Joji na Shida, sarkin zamanin yaƙin Hitila, wanda ya rasu a 1952.

Mindodi ba darajarsu ɗaya ba. Ta jaruntaka mutum guda ake ba, saboda wani abin bajinta da ya yi aka shaida aka rubuta. Ta halarta kuwa duk wanda ya je fagen ya cika kwanakin da aka ƙayyade yana samu, ko jarumi ne ko mai dafa abinci. Akwai kuma ta tunawa, wadda akan raba saboda wani babban biki, alal misali naɗin Sarauniya Elizabet a 1953 ko samun mulkin kan Nijeriya a 1960, da ta daɗewa a aiki ba tare da laifi ba. In aka jera dukan abin da mutum guda ya samu a kan fil ɗaya, ta jaruntaka a farko, na halarta bisa tsarinsu, na tunawa a ƙarshe, wannan jeri shi ne tarihin aikinsa daga shiga zuwa sallama.

Mindar cin Kano

Alaƙar Hausawa da sojan Ingila ta girmi zuwan Turawa Kano da shekara 40. A 1863 wani hafsan jirgin ruwa mai suna John Glover ya tara waɗansu Hausawa a Ikko, yawancinsu bayin da suka gudu daga iyayengijinsu, ya mai da su 'yan bindiga. Su ne ake ɗauka a matsayin tushen sojan Nijeriya. A 1897 aka ɗora wa Lugga aikin kafa rundunar Afirka ta Yamma, wadda ake taƙaita sunanta da haruffan W.A.F.F., kuma Hausa ce ta zama harshen bariki, har hafsoshi Turawa sai sun koye ta. Daga nan ne muka sami kalmomi irin su kofur da saje da samanja da farabiti, da ita kanta minda.

Wannan runduna ce Kanar Morland ya jawo daga Zariya, ta bi ta Bebeji, ta shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903 ta yammacin birni, wajen Ƙofar Kabuga, ƙofar da mutanen ƙasarmu ke bi in za su shiga gari. Sarki Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato a lokacin. Bayan 'yan makonni aka gwabza a Kwatarkwashi, inda Waziri Ahmadu ya faɗi. Sakkwato ta faɗa hannunsu ranar 15 ga Maris, aka kuma kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi ranar 27 ga Yuli. Abin lura a nan shi ne, Turawan da ke cikin rundunar 'yan ƙalilan ne. Masu riƙe da bindigogin baƙar fata ne, da yawansu kuma Hausa suke ji.

An ba waɗannan sojoji minda ta azurfa wadda aka ƙirƙiro a 1902 saboda ƙananan yaƙe-yaƙen Afirka. Ƙyallenta rawaya ne, da baƙi a gefe biyu, da siraran layuka biyu kore. A kan ƙarfen gicciyenta an rubuta N. NIGERIA 1903. Akwai kuma mai 1906, shekarar da aka ƙone Satiru aka kuma yaƙi Haɗeja aka kashe Sarki Muhammadu. Laftana Wallace Wright, wanda ya ja dakarun a Kwatarkwashi, shi an ba shi babbar lambar jaruntaka ta Ingila, mai sunan Sarauniya Biktoriya. Sojan baƙar fata na wannan runduna kuwa wata lambar jaruntaka dabam aka ware musu, ba a haɗa su da Turawa ba sai a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu.

To, wanda ya tarar da irin wannan minda a gidansu yaya zai yi da ita? Ba abin tutiya ba ce, domin ladan cin garinmu ce. Amma a ganina jefar da ita ko narka ta ya fi muni, saboda ita ce shaidar da ke hannu cewa Turawa ba su ci ƙasar nan da hannunsu kaɗai ba, kuma ɗalibin tarihi ba ya zaɓen shaidar da ta yi masa daɗi ya bar wadda ta yi ɗaci. Waɗanda suka faɗi tare da Waziri Ahmadu ba wanda ya buga musu ƙarfe. Sunayensu, in sun saura, a bakin tsofaffi da mawaƙa suka saura.

Yaƙin Jamus na farko

Da yaƙi ya ɓarke a Agusta 1914, Jamusawa suna mulkin Togo da Kamaru, watau maƙwabtanmu ne. Wani soja na rundunar Gwalkwas, wadda yanzu ake kira Gana, mai suna Alhaji Grunshi, shi ake lissafawa a matsayin wanda ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a dukan wannan yaƙi, a ƙasar Togo. Sojan Nijeriya sun yi yaƙin Kamaru daga 1914 zuwa 1916. Garwa ta faɗi a Yuni 1915, dutsen Mora kuwa bai sallama ba sai a Fabrairu 1916. Daga nan aka kwashe su a jirgin ruwa zuwa Afirka ta Gabas, inda suka sha mummunar asara a Mahiwa cikin Oktoba 1917.

Mindodin wannan yaƙi uku ne, kuma tare suka saba tafiya: tauraron tagulla mai takubba biyu a gicciye da shekarun 1914-15, da kewayayya ta azurfa mai hoton mutum a kan doki, da ta nasara mai ƙyalle launin bakan gizo. Alherinsu ga mai bincike shi ne duka an buga musu suna. Sai dai a yi hattara da sunan. Magatakardan bariki yakan rubuta sunan yanka ne ya haɗa da sunan babban garin da mutum ya ambata, shi ya sa rajista ta cika da irin su Audu Kano da Garba Sakkwato. Mutumin Tofa in an tambaye shi a Zariya daga ina yake, Kano zai ce. Waɗansu ma da gangan suka sake suna don kada a gane su a gida. Saboda haka lambar soja ta fi sunan amfani, domin Audu Kano suna da yawa, lamba kuwa ta mutum ɗaya ce a bataliyarsa.

Wanda jerin mindarsa ya fi na kowa ban mamaki shi ne Chari Maigumeri, mutumin Barno. Da farko sojan Jamus ne a Kamaru, Ingilishi suka kama shi, sa'an nan ya shiga rundunarsu a 1917 ya yaƙi tsofaffin iyayengidansa a Afirka ta Gabas. Ya kai muƙamin babban samanja, ya yi yaƙin Habasha ya sami lambar jaruntaka, ya je Burma, bai bar aiki ba sai a 1953, aka sallame shi da muƙamin kyaftin na girmamawa. Barikin soja na Lakwaja sunansa yake ɗauke da shi.

Ga soja ɗaya mai bindiga akwai 'yan dako da dama da suka ɗauki harsashi da abinci a ka, waɗanda yawanci masu unguwanni da dagatai ne suka tara su bisa umarni. Cuta da yunwa sun kashe su fiye da harsashi. A Afrilu 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen rainon Ingila ta fitar da rahoto ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a wannan yaƙi, yawancinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunansu a kan kabari ko dutsen tunawa ba, kuma adadin yana iya kaiwa 350,000.

Habasha da Burma

Mindar da aka fi samu a gidajen ƙasar Kano ta Yaƙin Duniya na Biyu ce, 1939 zuwa 1945, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. A lokacin jiragen yaƙin da aka harhaɗa a Takoradi sukan sauka Kano su sha mai a kan hanyarsu ta zuwa Masar, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a Janairu 1939, tana kawo labarin fagen fama, ana kuma neman samari ta hannun hakimai. Wani ya tafi don albashi, wani don kaki da ganin duniya, wani kuwa ba da son ransa ba.

Tafiyar farko Afirka ta Gabas aka yi, don yaƙar Italiya. Birged ta Nijeriya ta shiga Mogadishu ranar 25 ga Fabrairu 1941, daga nan ta yi tafiyar fiye da mil 1,000 cikin kimanin wata guda ta kai Harar a ƙasar Habasha. A 1943 aka kafa manyan runduna biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, aka tura su Indiya, daga can zuwa Burma, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar, don yaƙar Japan. Alamar runduna ta 81 baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya. Ta 82 kuwa māsu biyu ne a gicciye a kan gammo, gammon nan dai da muka sani na ɗaukar kaya. Ba a banza aka zaɓe shi ba. A dazuzzukan Arakan da kwarin kogin Kaladan mota ba ta shiga, jiragen sama ne ke jefo abinci da harsashi, mutane su ɗauka a ka su hau duwatsu cikin ruwan sama da sauro da matsattsaku. Bataliya uku na Nijeriya kuma an haɗa su da dakarun Janar Wingate da ake kira Chindit, waɗanda aka sauke a bayan layin Japanawa a 1944. A Janairu 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ci Myohaung, tsohon babban birnin Arakan. Sarkin Katsina Usman Nagogo ya kai musu ziyara har can.

Yanzu bari mu ɗauki jerin mindar wanda ya yi wannan tafiya mu karanta. Taurarin duka kamarsu ɗaya: tsini shida, ƙarfe mai ruwan tagulla, kambin sarauta a sama, sunan minda a kewaye da Turanci. Na farko shi ne tauraron 1939-1945, na wanda ya yi wata shida a fagen fama. Ƙyallensa kashi uku ne daidai, shuɗi mai duhu na sojan ruwa, ja na sojan ƙasa, shuɗi mai haske na sojan sama. In akwai mai ƙyalle launin rairayi da jan layi mai faɗi a tsakiya, tauraron Afirka ne, mai shi ya yi Somaliya ko Habasha ko Arewacin Afirka. Tauraron Burma ƙyallensa ja ne a tsakiya, gefe biyu shuɗi mai duhu, cikin kowane shuɗi akwai layi ruwan goro wanda aka ce rana yake nufi. Ana ba da shi ga wanda ya yi aiki a can tsakanin 11 ga Disamba 1941 da 2 ga Satumba 1945. Bayan taurari sai kewayayyu biyu na farin ƙarfe: ta tsaro, mai kore da ruwan goro da siraran baƙaƙen layuka, wadda ba kowa ya samu ba, da ta yaƙi mai ja da fari da shuɗi, wadda kwana 28 na aiki ya isa a same ta, a bayanta zaki ya taka wani dodo. Wanda aka ga tauraron Afirka da na Burma duka a jerinsa, to, tsohon hannu ne, ya yi tafiya biyu.

Ga inda gizo ke saƙa. Ingila ba ta buga suna a mindodin wannan yaƙi ba. Juya tauraron Burma ka duba bayansa, fili ne sumul. Indiya da Afirka ta Kudu da Ostareliya sun buga wa nasu mutanen suna, namu kuwa haka aka miƙa musu. Ma'anar wannan ita ce, muddin tauraron yana cikin gidan mai shi, ana iya cewa na Malam wane ne, ya je wuri kaza. Ranar da ya fita daga gidan ya shiga tiren dillali, ya zama ƙarfe kawai, ba masanin da zai iya mayar masa da sunan mai shi har abada.

Sojojin sun dawo gida a 1946 galibinsu, kuma saboda dawowarsu ne Malam Sa'adu Zungur ya yi waƙarsa Maraba da Soja. Abin da aka sallame su da shi bai kai wahalarsu ba. A 2019 aka bayyana wata takarda ta 1945 daga ma'ajiyar tarihi ta Ingila, wadda ta nuna farabiti Bature ana lissafa masa kuɗin sallama sule goma a kan kowane watan da ya yi, farabiti baƙar fata na Afirka kuwa sule uku da sisi. Waɗanda ba su dawo ba, sunayen da yawansu suna jikin ginshiƙan maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, cikin sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba.

Wani abin da ɗalibai ba su cika lura da shi ba shi ne sunayen barikokinmu. Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Letmauk a Ibadan, Myohaung da Arakan da Tamandu da An a Ikko, har da Dodan inda shugabannin mulkin soja suka zauna kafin a koma Abuja a 1991, duka daga yaƙin Burma aka samo su.

Bayan mulkin kai

A 1960 an buga mindar tunawa da samun 'yanci, mai ƙyalle kore da fari da kore. A wannan shekarar sojanmu suka tafi Kwango ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, suka zauna har 1964, kuma daga wani gari na can barikin Bukavu na Kano ya sami suna. Murtala Muhammed yana cikin ƙananan hafsoshin da suka je. Yaƙin basasa, daga Yuli 1967 zuwa Janairu 1970, shi ma yana da nasa mindodi da gwamnatin tarayya ta bayar, haka kuma aikin ECOMOG da aka fara a Laberiya a 1990. Ranar tunawa da mazan jiya da can 11 ga Nuwamba ce, ranar da yaƙin 1914 ya tsaya, aka mai da ita 15 ga Janairu saboda ranar da yaƙin basasa ya ƙare. Masu waɗannan mindodi da yawansu suna raye, waɗansu ma a nan kusa da mu suka zauna bayan sun bar aiki, tun da barikin Janguza a ƙasar Tofa yake. Su tambayarsu ba ta da wuya, kuma su suka fi kowa sanin tsarin jera minda.

'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuwa Faransa suka yi wa soja, mindarsu dabam ce, wadda aka fi sani gicciye ce mai takubba biyu. Su kukansu na fansho ne: a 1959 Faransa ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ta raina, ba a daidaita shi sosai da na Faransawa ba sai a 2011, bayan yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Masu tarawa da kasuwarsu

A London akwai gidajen gwanjo irin su Spink da Noonans waɗanda ke sayar da minda, kuma mindodin sojan Nijeriya na zamanin Turawa sukan fito a cikin kundinsu. Abin da ke ɗaga kuɗin minda a wurinsu shi ne suna a gefe, da ƙarfen gicciye wanda mutane kaɗan suka samu, da lambar jaruntaka, da cikar jeri, da takardun mai shi. Taurarin Yaƙin Duniya na Biyu an buga su da yawan gaske, ba su kuma da suna, don haka arha gare su. Wanda ya sayar da tauraron kakansa bai sami kuɗin kirki ba, ya kuma rasa abin da ba ya sayuwa. Ta azurfa kuwa abokin gabarta wuta ce. Ko a Ingila, lokacin da azurfa ta yi tsada a 1979 da 1980, an narka mindodin yaƙin 1914 masu yawa, shi ya sa ake yawan samun jerin da babu ta tsakiya.

Inda kuɗi ya shiga, jabu ya shiga. Mindar gaske da injin bugu aka yi ta, haruffanta tsaf suke. Ta jabu zubi ce, haruffanta a dakushe, jikinta da ƙananan ramuka, wani lokaci da layin haɗi a gefe. In gefen minda ya fi siranta a wuri guda, alama ce an goge sunan wani an sa na wani. Akwai kuma 'yan ƙanana, kamar rabin na ainihi, waɗanda ba jabu ba ne, hafsoshi ne ke saye don sawa a rigar liyafa. Haka nan akwai mindodin tunawa da kamfanoni ko ƙungiyoyi ke bugawa su sayar wa duk mai so. Suna da kyau a ido, amma ba gwamnati ta bayar ba, ba a kuma jera su tare da na ainihi. A tuna kuma cewa ƙasarmu tana da hukumar kula da gidajen tarihi da kayan da, wadda aka kafa a 1979, kuma fitar da kayan tarihi waje sai da izninta. Wanda ya ga ba zai iya riƙe abin da ya gada ba, gara ya nufi Gidan Makama a Kano ko Gidan Arewa a Kaduna ya nemi shawara kafin ya nufi kasuwa.

Aikin da ɗalibi zai iya yi

Irin tarawar da ta dace da mu ba ta bukatar ko kwabo, domin ba ƙarfen za mu raba da masu shi ba, labarinsa za mu tara. In ka je hutu, nemi izni wurin babban gida cikin ladabi, kada ka nuna kamar kuɗi kake hange, don da zarar an ji ƙanshin kuɗi magana ta lalace, 'yan'uwa su fara jayayyar gado. In an fito da mindar, kada ka taɓa ta da toka ko yashi ko lemon tsami ko man goge ƙarfe. Baƙin da azurfa ta yi ba datti ba ne, kuma gugar da za ta sa ta ƙyalli ita ce za ta cinye haruffan gefe. Tsumma mai laushi ya isa. Kada a wanke ƙyallen, kada a cire shi ko da ya koɗe, kada kuma a raba jerin, a ce wannan ɗa ya ɗauki ɗaya wancan ya ɗauki ɗaya. A naɗe su cikin farin ƙyalle na auduga a sa a gwangwani mai murfi, nesa da rana da danshin damina da gara. Leda ba ta da kyau, tana tara gumi.

Sa'an nan ka tambayi takardu. Littafin sallama, wanda ke ɗauke da lambar soja da bataliya da ranar shiga da ta fita, ya fi mindar kanta daraja, musamman ga wanda ya je Burma. Haka katin fansho, da tsohon hoto, da alamar hula mai bishiyar kwakwa, da katin ƙungiyar tsofaffin sojoji. Ɗauki hoton kowanne da waya, gaba da baya da gefe. Da lambar soja ana iya bin sawun mutum. Ma'ajiyar tarihi ta Ingila da ke Kew tana da rajistar waɗanda aka ba mindar 1903 da katunan mindar yaƙin 1914, ana iya neman waɗansu ta intanet, hukumar kaburburan yaƙi ita ma ta sa sunayen matattu a shafinta. A gida kuma akwai ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna.

Tambayar da ta fi wuya ta baki ce, kuma tsofaffin mata sun fi maza riƙe ta: wace shekara ya tafi, kafin auren wa ko bayan haihuwar wa, da son ransa ko dagaci ne ya ba da sunansa, su wa suka tafi tare daga garin, wa ya dawo wa bai dawo ba, wace sana'a ya kama bayan ya dawo, yana maganar yaƙin ko ba ya so a tayar. Rubuta amsar yadda aka faɗa, da sunan wanda ya faɗa da ranar. Yi kwafi biyu, ɗaya ka kawo wa malamin tarihi, ɗaya ka ninke ka sa cikin gwangwanin tare da mindar, da cikakken sunan mai ita da na mahaifinsa da unguwarsu da lambarsa ta soja a saman takardar.